Zubi na uku na aika, na biyu aka ɗauka: yaya ake gane dangin faci a imel?

Sabon Hannu:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai abin da ya tsaya min a rai tun shekaranjiya, kuma na san a nan akwai waɗanda suka riga ni shiga wannan harka.

Wata biyu ke nan ina aiki a kan wani ƙaramin direba, wato manhajar da ke sarrafa wani ɓangaren na'ura, a wani aikin buɗaɗɗiyar manhaja da ke karɓar gyara ta imel, irin tsarin da ake bi a kanel, wato zuciyar manhajar Linux. Na aika faci uku a jere, wato gyare-gyare uku ga rubutun manhajar, kowanne a wasiƙarsa. Wani ya duba na biyun ya ba ni Reviewed-by, layin da ke shaida cewa ya duba ya amince, sannan ya ce na ukun ya yi girma, in raba shi. Na raba suka zama huɗu, na sauya taken na farko saboda an ce bai faɗi abin da yake yi ba, na aika zubi na biyu, wato jerin da na gyara na sake aikawa. Bayan kwana biyar ni da kaina na gano cewa a facin ƙarshe na kama wuri a ƙwaƙwalwar na'ura ban sake shi ba idan aiki ya lalace a tsakiya. Na gyara, na aika zubi na uku. Shekaranjiya da na leƙa rumbun mai kula da sashen, inda ake ajiye rubutun manhajar da tarihinsa, sai na tarar zubi na biyu ne ya shiga, da aibinsa a ciki.

Ban ga laifin mutumin ba, na san wasiƙun da ke gabansa sun fi ƙarfin mutum ɗaya. Abin da nake so in fahimta shi ne, me ke nuna cewa wannan facin shi ne wancan da aka gyara? Na ɗauka akwai wata lamba da ke bin faci tun daga zubin farko har ya shiga rumbu.

Tsohon Injiniya:
Wa alaikumus salam. Sannu da ƙoƙari ƙanena. Amsar da ba za ta yi maka daɗi ba ita ce babu wannan lambar. Kwamit, wato sauyin da aka adana a tarihin git (manhajar da ke riƙe rumbun), yana samun lambarsa ta SHA-1 ne daga abin da ke cikinsa, har da mahaifinsa (kwamit ɗin da ya gabace shi) da sunan wanda ya shigar da shi da lokacin shigarwar. Da ka mayar da shi imel, mai kula ya ɗauka ya ɗora a kan nasa reshen rumbun da umarnin git am, sabuwar lamba yake samu. Ita kuma wasiƙar tana da Message-ID nata, kowace wasiƙa da nata, don haka zubi na biyu da na uku a idon na'ura baƙin juna ne.

Kafin mu yi nisa, faɗa min abu biyu. Yaya ka aika zubi na uku, sabon zare ka buɗe ko amsa ka yi a ƙarƙashin na baya? Kuma ka koma ƙarƙashin zubi na biyu ka ce kada a ɗauka?

Sabon Hannu:
Yallaɓai, zubi na biyu a matsayin amsa ga na farko na aika shi. Na uku kuma sabon zare na buɗe, don wani ya ce min haka aka fi so. Ban koma na ce komai a ƙarƙashin na biyu ba. Na zaci ganin v3, alamar zubi na uku, a take ya isa.

Tsohon Injiniya:
To ga inda igiyar ta tsinke. Mai kula ya ajiye zaren da ke da Reviewed-by a ciki, da ya samu sarari ya buɗe shi ya ɗauki zubi mafi sabo da ya gani a wurin, wato na biyu. Na uku yana can wani wuri a akwatinsa, babu abin da ya ɗaure shi da wannan zaren. Layi ɗaya tak a ƙarƙashin zubi na biyu, "akwai kuskure a faci na huɗu, zubi na uku na tafe", da ya wadatar.

Yanzu abin yi: kada ka sake aika zubi na uku. Ka ɗauko reshensa, ka rubuta ƙaramin faci a kai wanda ke gyara wurin kawai, ka sa layin Fixes:, mai nuna kwamit ɗin da ake gyarawa, da haruffa 12 na farkon lambar kwamit ɗin da ya shiga da takensa. Idan reshen nasa irin wanda yake sake tsarawa ne kafin ya tura sama, ka faɗa masa a ƙasan layin nan mai karan ɗori uku (---) cewa yana iya haɗe su. Abin da aka rubuta ƙasan wannan layin git am ba ya kai shi cikin tarihi.

Ɗan Damagaram:
Ni fa wannan labarin shi ne dalilin da ya sa har yau ban yarda da tsarin imel ba. A wurin aikinmu Gerrit muke amfani da shi, manhajar duba gyare-gyare a shafin intanet maimakon imel. Ranar da ka fara rubuta kwamit, ƙugiyar commit-msg, wata ƙaramar manhaja da git ke kunnawa da kansa, za ta liƙa masa layin Change-Id, harafin I da wasu haruffa 40 a bayansa. Ka gyara sau goma, ka sauya take, ka ɗora a kan sabon tushe, layin yana nan. Uwar garke tana ganinsa ta san zubi na goma ne na abu ɗaya, ta jera maka su, ta nuna bambancin kowane biyu, kuma ba za ta bari a shigar da tsoho ba tare da an sani ba. Android da Chromium da haka suke tafiya, kuma ba ƙananan ayyuka ba ne. Abin da ya sami yaron nan ba zai faru a can ba. Layi ɗaya ne fa. Me zai hana masu imel su ɗauka?

'Yar Zazzau:
Malam Ɗan Damagaram, an kawo wannan shawarar, kuma daga mutanen da suka san Gerrit ciki da bai. A 2019 Doug Anderson na Google ya buɗe maganar a zauren tattaunawar taron masu kula da kanel, ya nemi a bar Change-Id ko wani abu makamancinsa ya riƙa shiga kwamit. Linus Torvalds, jagoran aikin kanel, bai yarda ba. Hujjarsa, a taƙaice, ita ce lambar ba ta gaya wa mai karatu komai. Bayan shekara biyar ka ga haruffa 40 a ƙasan kwamit, ina za ka kai su? Idan kuwa adireshin wasiƙar da ke rumbun lore.kernel.org, ma'ajiyar wasiƙun zaurukan kanel, aka sa, kana latsawa ka ga facin, ka ga wanda ya yi suka, ka ga amsar da aka ba shi. Daga nan ne layin Link: mai ɗauke da Message-ID ya ƙara yaɗuwa. Har gobe checkpatch.pl, manhajar duba tsarin faci ta kanel, yana yi maka tsawa idan ya ga Change-Id na Gerrit a facinka.

Ni dai ina ganin kowane ɓangare ya amsa tambaya daban. Link: yana haɗa kwamit da wasiƙar da ta haife shi. Change-Id yana haɗa zubi da zubi. Matsalar Sabon Hannu ta biyun ce.

Ɗan Damagaram:
Yawwa Malama, kin faɗa da bakinki. Link: sai bayan an gama komai yake zuwa, mai kula ne ke sa shi lokacin shigarwa. Yana gaya maka zubi na biyu aka ɗauka, ba ya gaya maka akwai na uku.

'Yar Zazzau:
Haka ne, amma bari in tambaye ka da labarin yaron nan. Facinsa na uku ya rabu biyu. Wanne daga cikin biyun zai gaji Change-Id? Idan ka ba ɗaya, ɗayan ya zama maraya, alhali rabin sukar da aka yi a kansa aka yi ta. Idan aka ce ya haɗe faci biyu su zama ɗaya, lamba ɗaya za ta mutu. Akwai kuma lokacin da mutum zai yi watsi da aikinsa, bayan shekara wani daban ya tsince shi, ya sake rubuta rabi, ya aika da sunansa a matsayin mai ci gaba. Akwai lokacin da mutum biyu da ba su san juna ba za su aika gyaran matsala ɗaya a mako ɗaya. Duk waɗannan dangi ne, kuma lamba guda ba ta iya ɗaukarsu, domin ita ta ɗauka cewa kowane faci uba ɗaya gare shi da ɗa ɗaya.

Na san wannan ne saboda aikin digirina na biyu ya taɓa nan. Akwai wata manhajar bincike, PaStA, da Ralf Ramsauer da abokan aikinsa suka gina a Regensburg ta Jamus. Ba ta jiran kowa ya sa lamba. Tana kwaso wasiƙun da ke zaurukan imel da kwamit ɗin da ke rumbu, tana auna kamanninsu ta fuskar bayanin faci da ta fuskar layukan da aka sauya a kowane fayil, waɗanda suka yi kama sosai ta tara su gida ɗaya. Da ita suka nuna cewa akwai kwamit da ke shiga kanel ba tare da sun taɓa bayyana a zauren da kowa ke gani ba, ciki har da gyare-gyaren tsaro da aka tattauna a ɓoye kafin a fitar. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa sanin dangantakar faci ya wuce batun sauƙaƙa wa mai kula aiki. Kamfanonin motoci masu son sa Linux a wuraren da rai ke ciki suna bukatar su nuna wa masu tantancewa cewa wannan layin an duba shi, ga wanda ya duba, ga zubin da ya duba.

Bakatsine:
Kintace ke nan fa, Malama. Kintace mai kyau, amma kintace.

'Yar Zazzau:
Kintace ne, ban musa ba. Akwai ma'aunin da kake saitawa, ka tsaurara ka rasa 'yan'uwa na gaskiya, ka sassauta ka haɗa waɗanda ba su haɗa komai ba. Wanda ya fi wahalar da ni shi ne faci irin na gyara iri ɗaya a direbobi hamsin, take kusan ɗaya, sauyi kusan ɗaya, fayil ne kawai ya bambanta. Amma ga wasiƙun shekaru ashirin da suka wuce, waɗanda babu wanda zai koma ya sa musu lamba, wace hanya gare mu in ba wannan ba?

Sabon Hannu:
Ina biye da ku. Amma na ga ana maganar git patch-id a wani wuri. Ba ita ce lambar da ba ta sauyawa ba?

Tsohon Injiniya:
Tana da amfani, amma ka san iyakarta. Tana ɗaukar sauyin da ke cikin facin ne kawai, ta zubar da lambobin layi da tazarar rubutu, ta fitar da hatimi. Bayanin kwamit ba ya ciki. Saboda haka facinka na farko, wanda take kawai ka sauya, hatiminsa ɗaya ne a zubi na farko da na biyu. Na ƙarshen kuwa da ka ƙara layin sakin ƙwaƙwalwa, hatiminsa ya sauya gaba ɗaya, kamar ba su taɓa haɗuwa ba. Kai ko ba ka taɓa komai ba, idan wani ya sauya layin da ke maƙwabtaka da naka, ka sake ɗorawa a kan sabon tushe, hatimin zai iya sauyawa, domin layukan gefen nan uku da ake nunawa sama da ƙasa suna cikin lissafi.

Ka ga tana gane faci idan bai canza ba, mu kuma lokacin da ya canza muka fi bukatar a gane shi.

Patchwork ma dabara makamanciyar wannan yake yi. Jeremy Kerr ne ya fara rubuta shi don zauren Linux na PowerPC, yana zaune yana sauraron zaure, duk wasiƙar da ke da faci ya ajiye ta da hatiminta da matsayinta: sabo, ana dubawa, an nemi gyara, an karɓa, an maye gurbinsa. Idan mai kula ya tura reshensa, ana kwatanta hatimin kwamit da na wasiƙu a sa wa wanda ya dace alamar an karɓa. Amma mai kula ya gyara ko waƙafi ɗaya a cikin facin da hannunsa yayin shigarwa, shi ke nan, facin zai zauna a jerin sababbi har sai mutum ya zo ya cire shi. Na shekara ina wannan sharar da hannu a wani aiki, duk daren Lahadi.

Maman Biyu:
Baba Injiniya, a ƙara da cewa Patchwork ya daɗe bai ma san jerin faci ba, kowane faci shi kaɗai yake gani. Sai a zubi na 2.0, a 2017, ya fara gane cewa 1/4 zuwa 4/4 tafiyarsu ɗaya. Daga baya a 2.2 aka ƙara wurin da za a ce wannan facin yana da alaƙa da wancan. Sai dai wuri ne kawai aka tanada, sai mai kula ko wata manhaja ta zo ta cika.

Ni abin da nake so in kawo shi ne wata dangantakar da ba ku taɓo ba, ta dogaro. Facina ba ya aiki sai an fara shigar da na wani wanda har yanzu yana zaure ana dubawa. Na'urorin gwaji suna ɗaukar nawa su kaɗai, su ɗora a kan babban reshe, ya ƙi haɗuwa, su aiko da jan rahoto, mai kula ya gani ya wuce. Kowane aiki da yadda ya magance wannan. A QEMU kana rubuta Based-on: da Message-ID na jerin da ka dogara da shi, na'urarsu Patchew ta fara ɗora wancan kafin naka. A DPDK kuma Depends-on: ake rubutawa da lambar jerin a Patchwork ɗinsu. Git kansa tun 2016 yana da zaɓin --base a format-patch (umarnin da ke mayar da kwamit imel), wanda ke rubuta base-commit a ƙasan wasiƙa, da prerequisite-patch-id ga duk facin da ke tsakanin tushen da naka. Kyauta ne, amma ka duba zaure ka ga mutum nawa ke sawa.

Sabon Hannu:
Anti, ni ma ban sa ba. Ban san da shi ba sai yanzu.

Amma akwai abin da ya ruɗa ni. Wani ya ce in aika sabon zubi a ƙarƙashin tsoho, wani ya ce in buɗe sabon zare. Wanne ne daidai?

Maman Biyu:
Duka biyun, ya danganta da gidan da ka shiga. Aikin Git kansa yana son zubi na biyu ya zo a matsayin amsa ga wasiƙar gabatarwa ta zubin farko, da --in-reply-to, don tarihin duka ya zauna a zare ɗaya. DPDK ma haka. Takardar kanel ta submitting-patches kuwa cewa ta yi idan jeri ne mai faci da yawa a guji haka, don kada zaren ya zama kurmin da ba a iya ratsawa, a sa adireshin lore na tsohon zubi a wasiƙar gabatarwa. Masu kula da sashen sadarwa, netdev, sun fi kowa tsanani a nan: sabon zare kowane zubi, kuma kada ka sake aikawa kafin awa 24 ta cika. Kai abin da ya cuce ka shi ne ka bi al'ada ɗaya a zubi na biyu, ka bi wata a na uku. Ka karanta takardar aikin, in babu, ka duba yadda manyan wurin ke yi ka bi sahu.

Bakatsine:
Bari in shigo da nawa ɓangaren, don ni a ƙarshen kogin nake zaune. Muna haɗa na'urori da ke tafiya da tsohon kanel mai dogon tallafi, aikina shi ne in tabbatar gyaran da ya kamata ya iso mu ya iso. Kanel yana fita duk mako tara zuwa goma, kowace fita da kwamit fiye da 10,000. Babu mai karanta wannan duka. Abin da nake rayuwa a kansa shi ne layin Fixes:. Idan na ɗauko kwamit na dawo da shi tsohon reshenmu, abu na farko da nake yi shi ne in bincika ko akwai wani kwamit daga baya da ya ambaci lambarsa a Fixes:, sannan in bincika ko shi ma wancan an gyara shi. Wani lokacin sarƙar takan kai uku ko huɗu.

Rassan stable, wato na kanel ɗin da ya riga ya fita ake ci gaba da gyarawa, su ma suna rubuta lambar kwamit na asali a saman kowane faci da suka dawo da shi, don haka daga sama zuwa ƙasa ana iya bi. Inda nake shan wuya shi ne gyaran da aka yi ba a sa Fixes: ba, ko aka sa lambar da ta fito daga reshen da aka sake tsarawa, lambar da ba ta wanzu a rumbun Linus. Na taɓa kwana uku ina neman dalilin da na'ura ke sandarewa, ashe an gyara abin a sama da wata takwas, a cikin wani faci mai taken gyaran tsari, babu alamar da ta haɗa shi da wanda ya kawo matsalar.

Don haka ƙanena, facin gyaran da Baba Injiniya ya ce ka aika, ka tabbatar lambar da za ka sa ita ce wadda za ta dawwama. Ka tambayi mai kula ko reshensa yana sauya lambobi. Wani irina zai zo nema bayan shekara uku.

Ɗan Damagaram:
Kun ga abin da nake faɗa? Fixes, Link, Based-on, Depends-on, base-commit, Closes, kowanne da hannu, kowane gida da nasa. Mutum sabo sai ya haddace duk wannan kafin a kalli aikinsa. Mu nan da muke koyo daga nesa, babu wani babba a kujerar kusa da zai ce maka ka manta kaza, mu ne muka fi faɗawa ramin. Wannan yaron wata biyu ya yi yana aiki, ya gano kuskurensa da kansa, ya gyara, amma mai aibin ne ya shiga. Ina jin zafin wannan.

Tsohon Injiniya:
Zafin da kake ji gaskiya ne, kuma ba kai kaɗai ba. Shi ya sa nake tura duk sabon shiga zuwa b4. Konstantin Ryabitsev, mai kula da na'urorin kernel.org, ya fitar da shi a 2020, da farko don masu kula: ka ba shi Message-ID, ya je lore ya kwaso jerin duka, ya tattara Reviewed-by da Acked-by da aka bayar a amsoshi, ya jera maka. Yana da zaɓin duba ko akwai zubin da ya fi wannan sabunta. Daga baya aka ƙara ɓangaren masu aikawa. Da b4 prep, jerinka yana samun change-id nasa, wanda ake rubutawa a ƙasan wasiƙar gabatarwa tare da base-commit, kuma yana bin jerin daga zubi zuwa zubi. Idan ka aika, shi da kansa yake ƙara lambar zubi, ya rubuta adireshin zubin baya a wurin bayanin sauye-sauye. Ka ga, Ɗan Damagaram, lambarka ta shigo ta taga. Bambancin shi ne tana zaune a wasiƙa, ba ta shiga tarihin kwamit, kuma jeri take bi ba faci ɗaya ɗaya ba, don haka raba faci biyu ba ya kashe ta.

Da Sabon Hannu ya aika da shi, kuma mai kula ya ɗauka da shi yana duba sabon zubi, da wuya na biyu ya shiga.

Ɗan Damagaram:
Na yarda wannan ci gaba ne, ranka ya daɗe. Amma ka ce "kuma mai kula ya ɗauka da shi". Sai ɓangarorin biyu sun yi daidai. A Gerrit babu zaɓi, uwar garke ce ke tilastawa.

Tsohon Injiniya:
Haka ne. Kuma ranar da uwar garken ta mutu, ko kamfanin ya rufe ta, lambobin da ke cikin kwamit ɗinku sun zama marasa gida. Na gani da idona a wani tsohon rumbu da muka gada, dubban Change-Id, babu inda za a kai su. Rumbun lore kuwa an gina shi a kan public-inbox na Eric Wong, kowane zaure rumbun git ne da kowa zai iya kwafewa zuwa na'urarsa. Ni ina da kwafin zaure biyu a faifaina, ina bincike a ciki ko babu intanet, wanda a wurinmu ba ƙaramin abu ba ne. Wannan nake saye da wahalar da kake magana a kai, kuma na san ba kowa zai ga cinikin ya yi ba.

'Yar Zazzau:
Ƙari kaɗan ga masu son bin diddigi. A shafin binciken lore kana iya rubuta dfn: da sunan fayil, ya kawo duk facin da ya taɓa fayil ɗin, ko wane take aka ba shi. Da haka nake gano tsofaffin zubin da aka sauya wa suna. Sannan ga mai aikawa, git range-diff, wanda ya shigo a Git 2.19 a 2018, yana ɗaukar tsohon jeri da sabo ya haɗa kowane faci da takwaransa, ya nuna abin da ya sauya tsakaninsu. Shi ma auna kamanni yake yi, idan sauyin ya yi yawa sai ya ce an cire ɗaya an kawo sabo, amma format-patch yana iya saka sakamakonsa a wasiƙar gabatarwa, mai dubawa ya ga inda zai sa ido ba sai ya sake karanta komai ba.

Kuma Malam Ɗan Damagaram, maganarka ba ta mutu ba. Masu Jujutsu da GitButler, manhajoji biyu da ke aiki a kan git, da masu Gerrit sun kawo batun lambar sauyi ta bai ɗaya, wadda za ta zauna a kan kwamit ɗin kansa, zuwa zauren Git a 2025. Abin da zan sa wa ido shi ne yadda za ta tsira idan kwamit ya zama imel, domin format-patch marubuci da kwanan wata da bayani da sauyi yake ɗauka, sauran abin da ke kan kwamit a baya yake barinsa.

Sabon Hannu:
Akwai abu ɗaya da ya dame ni da na sake duba wasiƙuna yanzu. Reviewed-by da aka ba ni a faci na biyu, ban ɗauke shi zuwa zubi na biyu da na uku ba. Na ɗauka rashin kunya ne in rubuta sunan mutum da hannuna.

Maman Biyu:
A'a ƙanena, aikinka ne ka ɗauke shi. Mutumin ya ba da lokacinsa, idan ka bar shi a baya sai ya sake dubawa ko a shigar babu sunansa. Sharaɗin kawai shi ne idan facin ya sauya sosai bayan dubawarsa, ka cire, ka faɗa a bayanin sauye-sauye cewa ka cire kuma ga dalili. Kuma duk wanda ya yi maka magana a zubin baya ka sa shi a kwafin na gaba. b4 trailers yana kwaso maka waɗannan layukan daga lore idan ka fi son haka.

Sabon Hannu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga abin da na yi da yammar nan. Na amsa a ƙarƙashin zubi na biyu, na ce akwai zubar ƙwaƙwalwa a faci na huɗu, na sa adireshin zubi na uku don a ga inda na gyara. Na aika ƙaramin facin gyara a kan reshensa, layi biyar ne, da Fixes: da base-commit, na kuma tambaye shi ko lambar za ta dawwama. Na shiga Patchwork na sa wa zubi na uku alamar an maye gurbinsa, don kada wani ya zo ya ɗauka daga baya.

Ya amsa cikin awa biyu. Ya ce bai tura reshen sama ba tukuna, zai haɗe gyaran cikin facin asali, don haka layin Fixes: ba zai shiga ba.

Bakatsine:
Madalla, haka ya fi wa irina sauƙi, kwamit ɗaya lafiyayye. Amma ka roƙe shi abu ɗaya. Tunda abin da zai shiga yanzu bai yi daidai da zubi na biyu ba, bai kuma fito daga wasiƙar zubi na uku ba, hatiminsa na iya ƙin dacewa da wasiƙar da ya ɗauka. Ya sa Link: biyu, ɗaya zuwa zubi na biyu, ɗaya zuwa facin gyaran, ko ya rubuta ɗan layi sama da sa hannunsa cewa ya haɗe gyara.

Sabon Hannu:
To Yaya, yanzu zan rubuta masa. Baba Injiniya, jeri na gaba da b4 zan shirya shi. Idan na maƙale wajen saita aikawa zan dawo nan da tambaya.

Tsohon Injiniya:
Ka dawo. Kafin ka aika wa zaure, ka fara aika wa kanka da b4 send --reflect, ka buɗe wasiƙun ka duba ƙasan ta gabatarwa ko change-id da base-commit sun fito.